Saƙar Gugguru: Yadda Ake Yin Ta, da Yadda Ta Cinye Mini Zare



Duk wanda ya saba bi ta bayan hostel ɗin mata da la'asar a zangon karatun da ya wuce, ƙila ya taɓa ganin wata a kan benci da baƙar leda a cinya, tana ta motsa baki kamar mai haddar lacca. To ni ce, kuma ƙirga nake yi: ɗaya, biyu, uku, gugguru, ɗaya, biyu, uku, gugguru. Mutane da dama sun tsaya sun shafa abin da nake saƙawa, suna tambayar yadda aka yi 'yan ƙulu-ƙulun nan suka fito a jikinsa. Wata har rantsuwa ta yi cewa daban na yi su na ɗinka. Na yi wa kusan mutum goma alkawarin zan koya musu, sai ga firojet ya sako ni gaba, ga jarrabawar ƙarshe tana ƙaratowa. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya a nan, kowa ya ɗauka. Zan riƙa cewa "ki" saboda mata ne suka fi tambayata, amma maza kada ku buɗe shafi na gaba. A ƙasar Hausa maza sun daɗe suna saƙa, su ne kuma masu aikin babbar riga da allura. Kwarashi ba ya cizo.

Yadda na shiga ciki

Tun ina firamare Goggo, ƙanwar babanmu, ta koya mini riƙe kwarashi, amma iyakata saƙa shimfiɗaɗɗiya: murfin kofi, 'yar hular jariri, irin waɗannan. A watan Satumba yayata ta gaya mini haihuwarta za ta zo a Disamba, tsakiyar hunturu. Ɗaliba ce ni, kuɗin turmin atamfa da sabulan barka ba ni da su. Sai na tuna wani shawul da na gani a Instagram, duk jikinsa ƙulu-ƙulu kamar an watsa gugguru a faranti. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Yaya, ni shawul zan saƙa da hannuna, ranar suna a cikinsa za a fito da jaririn." Ita kuma ta je ta gaya wa dangin mijinta.

Na kira Goggo na ce, "Goggo, shawul irin wanda kika saƙa wa jikanki bara, dunƙule nawa ya ci?" Ta ce, "Goma ne, 'yar nan." Ban gaya mata irin saƙar da zan yi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na shiga kasuwa na sayo dunƙule goma ruwan ƙwai. Ku riƙe wannan goman, za mu dawo kansa.

Kayan aiki

Abu huɗu ne: kwarashi, zare, almakashi, da allura mai babban ido don ɓoye bakin zare. Sunan kwarashi daga Faransanci ya samo asali, ma'anarsa 'yar ƙugiya. Sana'ar a Turai ta bunƙasa, kuma a shekarar 1823 wata mujallar Holan mai suna Penélopé ta buga bayanin yadda ake yin ta.

Girman kwarashi da milimita ake auna shi, a jikinsa ake rubutawa. Ga ulun da aka fi samu a kasuwanninmu, mai lamba 3.5 ko 4 ya yi. In kwarashin ya yi wa zaren ƙanƙanta, saƙar za ta yi tauri kamar tabarma; in ya yi girma, guggurun zai kwanta ya ƙi tashi.

Shi kuma abin da muke kira ulu, mafi yawansa akirilik ne, wato zaren roba. In kina son tabbatarwa, yanki ɗan guntu ki kanga masa ashana a waje. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Na auduga yana ci kamar takarda ya bar toka. Na gashin tunkiya kuwa ƙaurin gashi yake yi. Don koyo, ki nemi zare mai santsi, mai haske: fari, ruwan ƙwai, ko shuɗi mai haske. Kada ki fara da baƙi ko mai gashi-gashi. Da dare in an ɗauke wuta kina aiki da fitilar waya, ba za ki ga inda za ki zura kwarashi ba sam.

Abu uku kafin gugguru

Sunayen da zan yi amfani da su a nan namu ne na ɗaki, mu muka raɗa don mu fahimci juna.

Na farko sarƙa. Ki yi ƙullin zarge ki sa a kwarashi. Wannan zoben zaren da ke kan kwarashin shi muke kira madauki. Ki naɗa zare a bakin kwarashi, ki zaro shi ta cikin madaukin. Kin yi sarƙa ɗaya ke nan.

Na biyu doguwa. Ki naɗa zare sau ɗaya, ki zura kwarashi a inda za ki saƙa, ki kamo zare ki jawo. Yanzu madauki uku ne a kan kwarashinki. Ki naɗa, ki zaro ta cikin biyu, saura biyu. Ki sake naɗawa, ki zaro ta cikin biyun, saura ɗaya. Doguwa ɗaya ta tsaya.

Na uku ido. In kin duba kan kowace doguwa daga sama, za ki ga zare biyu sun yi kamar harafin V a kwance. Shi ne ido, kuma ƙarƙashin zaren biyun ake zura kwarashi a layi na gaba.

Masu koyo a YouTube, ga inda na sha wahala. Wannan doguwar, mutanen Amurka "dabul" suke ce mata, mutanen Ingila kuma "tirebul". Abin da Ingila ke kira "dabul" wata gajeriyar saƙa ce daban, wadda Amurka ke kira "singil". Saboda haka kada ki bi sunan kawai, ki kalli hannun mai koyarwar: in ta naɗa zare sau ɗaya kafin ta zura, doguwarmu ce. In kuma saƙar gugguru za ki nema, ki rubuta sunan gugguru da Turanci, don su ma haka suke kiranta.

Gugguru kansa

Gugguru ɗaya dogaye biyar ne da aka saƙa a ido ɗaya, sannan aka haɗe kawunansu. Shi ke nan sirrin. Ga yadda ake yi:

1. Ki saƙa doguwa biyar, duk a cikin ido ɗaya. Za su baje kamar mafici.

2. Ki ɗan ja madaukin da ke kan kwarashi ya yi tsawo, sannan ki zare kwarashin gaba ɗaya. Kada ki tsorata, ba zai warware ba in ba ki ja zaren ba.

3. Ki ƙirga baya zuwa doguwa ta farko cikin biyar ɗin. Ki zura kwarashi a idonta, daga gaba zuwa baya.

4. Ki mayar da madaukin da kika saki kan bakin kwarashi, ki ja zare ya matse shi daidai.

5. Ki zaro madaukin ta cikin idon doguwar farko. Maficin nan zai naɗe ya kumburo ya taso wajenki.

6. Ki yi sarƙa ɗaya, a ɗan matse, don ta kulle shi.

Dalilin tasowarsa mai sauƙi ne. Faɗin dogaye biyar kika tara a gurbin da doguwa ɗaya ya kamata ta zauna. Ƙasansu a ido ɗaya yake, samansu ma kin haɗe shi wuri ɗaya, to tsakiyar ba ta da wajen zuwa sai waje. Wajen da za ta ɓullo kuma ke ke zaɓa. In kin zura kwarashi daga gaba zuwa baya, guggurun zai fito ta ɓangaren da ke kallonki. In kin zura daga baya zuwa gaba, zai fita ta ɗaya ɓangaren. In wani ya yi gardama ya lotsa ciki, sa ɗan yatsa ta baya ki turo shi.

Ɗan gwaji na farko

Kada ki fara da shawul kamar yadda na yi. Ki fara da ɗan ƙyalle mai ido 19.

Layi na 1: Ki yi sarƙa 21. Ki tsallake uku na kusa da kwarashi, ki saƙa doguwa a ta huɗu, sannan doguwa ɗaya a kowace sarƙa har ƙarshe. Dogaye 18 za ki samu, sarƙa ukun da kika tsallake kuma a matsayin doguwa ɗaya suke. Jimla 19.

Layi na 2: Sarƙa uku, ki juya aikin. Sarƙa ukun nan su ne doguwar farko, saboda haka kada ki saƙa komai a idon da ke gindinsu. Ki yi doguwa a ido biyu na gaba, sai gugguru a na huɗu. Daga nan doguwa uku, gugguru ɗaya, haka har ƙarshe. Gugguru huɗu za ki samu, a ido na 4, na 8, na 12 da na 16, ki rufe layin da doguwa uku. Ta ƙarshen a kan sarƙa ukun layin ƙasa za ta hau.

Layi na 3: Sarƙa uku, ki juya, doguwa ɗaya a kowane ido. Ki ƙirga, dole 19.

Layi na 4: Sarƙa uku, ki juya, gugguru a ido na 2, doguwa uku, gugguru, haka dai. Wannan karon biyar ne, a na 2, na 6, na 10, na 14 da na 18, sai doguwa ɗaya ta rufe. Za ki ga kowane gugguru ya faɗa tsakanin biyu na ƙasa, kamar yadda magini ke jera bulo.

Layi na 5 irin na 3 ne. Daga nan ki riƙa maimaita layi na 2 zuwa na 5. Tunda kullum akwai layin dogaye zalla a tsakani, duk guggurun fuska ɗaya suke fitowa, bayan aikin kuma ya zauna sumul.

In za ki faɗaɗa, yawan idanun ya zama wanda huɗu ke raba shi, sannan ki ƙara uku: 19, 23, 27, haka. Sarƙar farawa kuma ta fi yawan idanun da biyu. Shawul ɗina ido 127 ne, da sarƙa 129 na fara.

Inda aka fi tuntuɓe

Babban cikinsu ita ce sarƙar kulle gugguru. In kin dawo a layin dogaye, za ki ga kamar ido biyu a kan kowane gugguru: nasa da na sarƙar. Ɗaya kawai za ki saƙa. Ni a sarƙar nake zurawa, wasu a ɗayan, duk daidai ne muddin ba ki canza ba. In kika saƙa duka biyun, a gwajin nan kaɗai ido huɗu ko biyar za su ƙaru a kowane zagaye, aikin ya riƙa buɗewa kamar siket. Maganinsa ƙirga a ƙarshen kowane layi. Na san da gajiya, amma ya fi warwarar layi goma sauƙi.

Na biyu, zura kwarashi a doguwar da ba ita ba. In kin shiga ta biyu maimakon ta farko, guggurun zai fito ƙarami a karkace. In kin wuce baya kin kamo maƙwabciyarsa, layin zai tsuke. Ki riƙa ƙirgawa daga madaukin da kika saki: biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya.

Na uku, riƙon zare. Ranar da na fito daga wani tes da bai yi mini daɗi ba, layukan da na saƙa sun matse har gefen shawul ɗin ya shige ciki. Hannu yana bin zuciya. In ranki a ɓace yake, ko barci kike ji, ajiye. In yatsu ko wuyan hannu sun fara zafi, nan ma ki huta, ki miƙe su.

Bahagwai kuma, komai ɗaya ne, sai dai ku daga hagu zuwa dama za ku riƙa tafiya. Ki zauna fuska da fuska da mai koya miki, ki kwaikwayi hannunta kamar kina kallon madubi.

Mu dawo kan dunƙule goma

Makon farko na Disamba zarena ya ƙare ƙaf. Na auna shawul ɗin, santimita 67 cikin 100 da nake so. Na koma shagon da na saya, na nuna guntun zaren, aka ba ni ruwan ƙwai. A ƙarƙashin ƙwan shagon ban ga wani bambanci ba. Na saƙa layi shida da dare. Da gari ya waye na shimfiɗa a gado, sai 'yar ɗakinmu ta ce, "Ke, wannan ai kala biyu ce." Na fita da shi rana, ga layi nan ƙiri-ƙiri, sabon ya fi tsohon duhu.

A masana'anta kashi-kashi ake rina zare, kuma kashin yau ba lalle ya yi daidai da na wata uku baya ba, ko da sunan kalar ɗaya ne. Ko a karofi, zane biyu da aka tsoma a ranaku daban-daban ba sa fitowa iri ɗaya cif. Wasu kamfanonin suna buga lambar kashin rinin a takardar dunƙulen. In akwai, ki duba duk su zama lamba ɗaya. In babu, ki saya gaba ɗaya a rana ɗaya, daga leda ɗaya, ki fita da su hasken rana ki gwada kafin ki biya.

Amma me ya sa goman bai isa ba tun farko? Ku dubi gwajin can. Layin dogaye zalla doguwa 19 yake ci. Layi na 2 yana da dogaye 15 da gugguru huɗu masu biyar-biyar, jimla 35. Layi na 4 yana da 14 da gugguru biyar, jimla 39. To layi huɗu a jere sun ci 112, alhali da saƙar shimfiɗe ce 76 za su ci. Kusan ninki ɗaya da rabi ke nan. Inda shawul ɗin Goggo ya ci goma, nawa sha biyar yake nema. Goma kuwa kashi biyu ne cikin uku na sha biyar, daidai inda zarena ya tsaya cak.

Abin kunyar shi ne, kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje nake karanta. Shekara biyu ana koya mini auna abu kafin a zuba, amma ban auna wannan ba sai da aikin gama ya gama. Daga baya na saƙa ɗan gwaji mai santimita 10 ta kowane gefe, na roƙi mai kula da lab ɗinmu ya bar ni na ɗora a sikeli. Gram 7 da rabi. Shawul mai 80 da 100 yana ɗauke da irin wannan gwajin guda 80, wato gram 600. Dunƙulen da na saya gram 40 aka rubuta a takardarsa. Ki raba ki gani: 15. Lissafin minti biyar.

In ba ki da sikeli, ki sayi dunƙule ɗaya, ki saƙa ƙyalle mai faɗin santimita 20 da irin saƙar da za ki yi, har zaren ya ƙare. Ki auna tsawonsa ki ninka da faɗin. Da wannan adadin za ki raba faɗi sau tsawon abin da kike son saƙawa. Abin da ya fito, ki ƙara dunƙule ɗaya ko biyu na baki da na tsautsayi. Hannun kowa daban ne, don haka kada ki ɗauki lissafina, ki yi naki.

Kwana uku bayan na warware layi shidan, Yaya ta haihu, namiji. Na kira ta na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, shawul ɗin ba zai samu ranar suna ba." Ta ɗan yi shiru ta ce, "Ba komai, ki mai da hankali kan karatunki." Wallahi da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ranar suna a cikin tawul ɗin kasuwa aka fito da yaron, wata daga dangin mijin tana ta tambaya, "Ina shawul ɗin ƙanwar tamu?"

Da yamma, bayan mutane sun ragu, na fito da shi daga leda na nuna wa Goggo. Ta juya shi gaba da baya, ta shafa guggurun, ta ce, "Hannunki ya yi kyau. Amma 'yar nan, da kin gaya mini wannan za ki yi, ai da ban ce miki goma ba. Tun ran gini ran zane." Sannan ta nuna mini mafita. Ta ce in sayo farin zare in yi layi huɗu a saman inda na tsaya, sannan in ɗora sabon ruwan ƙwan. In juya shawul ɗin in koma gindinsa, in saƙa ta ƙarƙashin sarƙar farawa, nan ma fari layi huɗu, sai sabon zaren, tsawonsu ɗaya da na sama. Tunda kalolin biyu ba sa taɓa juna, kuma sama da ƙasa sun yi daidai, ido zai ɗauka ado ne. Haka na yi. Kwana biyar kafin arba'in na kai wa Yaya, hunturu bai wuce ba tukuna.

'Yan uwanta biyu

Akwai wasu saƙa biyu masu tasowa da ake rikita su da gugguru. A ɗakinmu ɗaya curi muke ce mata, ɗayar fanke.

A curi, dogaye biyar ɗin ba a ƙarasa su. Kowace ki tsaya bayan zarowar farko, ki bar madaukinta a kwarashi. In kin yi biyar, madauki shida za ki gani. Ki naɗa zare ki zaro ta cikinsu duka lokaci ɗaya. Ba a cire kwarashi, don haka ta fi sauri, amma ba ta kai gugguru tashi ba, kuma ta bayan aikin ta fi son ɓullowa, shi ya sa ake yin ta lokacin da bayan ke kallonki.

A fanke babu doguwa ma. Ki naɗa, ki zura, ki jawo madauki mai tsawo, ki maimaita sau huɗu a ido ɗaya. Madauki tara za su taru. Ki zaro ta cikinsu duka, ki kulle da sarƙa. Ita ta fi laushi, kuma gaba da bayanta kusan ɗaya ne, ta dace da hula da abin wuya.

Inda ta dace, da yadda ake wanke ta

Gugguru ya yi kyau a shawul, rigar filon kujera, jakar hannu, da jakar laftof, inda kaurinsa ke tare bugu. Bai dace da abin ɗora kofi ba, don kofin zai karkace, haka ma ƙasan safa. In na jariri ne, ɓangaren sumul ɗin ne zai taɓa jikinsa, ki ɓoye bakin zaren sosai da allura, kuma kada a rufe masa fuska da shi, don yana da nauyi. Na roba na hunturu ne, a watan Afrilu zufa kawai zai tara wa yaro.

Wanki da hannu, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Kada ki murɗe, ki danne ruwan a cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa. In kin rataye shi a igiya da lemarsa, nauyin ruwan zai ja shi ya miƙe. Dutsen guga kuwa kada ya kusance shi. Zafi yana kwantar da zaren roba, guggurun da ya kwanta ba ya sake tashi.

In za ki sayar

Tun da aka ga shawul ɗin, mutum uku sun ce in yi musu. Kafin in amsa wa kowa, na zauna da biro. Layin dogaye yana ɗaukata minti 10, layin gugguru minti 25. Shawul irin wannan layi 80 ne, rabi da rabi, wato minti 1,400, sama da awa 23, ban da warwara. Guggurun da ke jikinsa a lissafi 1,260 ne, kuma kowane sai an cire kwarashi an mayar. Har yau masana'antu ba su da injin da ke yin ainihin saƙar kwarashi. Abin da inji ke fitarwa kwaikwayo ne da wata irin saƙa daban, don haka duk gugguru na gaske da kika gani, hannun wani ne ya yi shi. A Ailan, lokacin yunwar da ta fara a 1845, da leshin kwarashi iyalai da yawa suka samu abin sawa a baka. Sana'a ce ta gaske, kada kunya ta sa ki karɓi kuɗin zare kawai ki yi awa ashirin da uku kyauta.

Ni yanzu ƙa'idata uku ce: in saƙa gwaji kafin in faɗi farashi, in karɓi kuɗin zare gaba ɗaya tun farko in saye shi rana ɗaya, kuma ranar da na lissafa zan gama, in ƙara mata mako biyu kafin in faɗa wa mai kaya. Cikin mutum ukun, biyu da suka ji farashin sun ce za su neme ni. Ɗaya ta biya. Da ribar na buga firojet ɗina na yi masa bango, kuma shekarar sanin makamar aiki da ke jiranmu bayan difloma, da kwarashina a jaka zan tafi.

Mai son gani da ido, ranar Asabar bayan la'asar ina kan bencin nan har a fara jarrabawa. Ki zo da kwarashi mai lamba 4 da dunƙule ɗaya mai haske. Sarƙa 21 za mu fara da ita.